Yadda ake jefa anga a kwana lafiya a gaɓar Bahar Maliya

Wanda ke yawo a gefen teku da jirgi mai filafilai, kwanansa a tashar jiragen ruwa kaɗan ne. Mafi yawan darare a wani lungu na ruwa zai yi su, jirgin yana rataye da ƙarfe guda, wato anga, da sarƙa. Idan ƙarfen nan ya kama ƙasa, kowa ya yi barci. Idan bai kama ba, tsakar dare iska za ta ja jirgin ta kai shi kan dutse. Aikin da ke raba waɗannan biyun kuwa da rana ake yin sa, tun ido na ganin ƙasan ruwa.

Zan yi bayanin ne a kan gaɓar Sudan, daga Sawakin zuwa arewa, domin can na fi sanin ruwan. Sawakin ita ce tsohuwar tashar da alhazan ƙasar Hausa masu tafiyar ƙasa suke tsallakawa zuwa Jidda, ita ce kuma babbar tashar gaɓar kafin Turawan Ingila su fara gina Fot Sudan a 1905. Gaɓar tana da lungunan ruwa masu kutsawa cikin hamada, waɗanda mutanen wurin ke kira marsa, irin su Marsa Fijab da Khor Shinab. Cikinsu ruwa kwance yake ko da teku na hauka a waje, amma bakinsu duk murjani ne mai kaifi, wato dutsen nan da ke girma a ƙarƙashin teku. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 ya sauya al'amura, saboda haka kada kowa ya nufi can sai ya bincika halin tsaro da izinin hukuma. Dabarun dai ɗaya ne a kowace gaɓa mai murjani.

Kayan aiki

Lissafin nan na jirgi ne mai tsawon mita 10 zuwa 12.

Anga babba, mai nauyin kilo 16 zuwa 20. Tsofaffin ƙira irin CQR da Bruce suna aiki, amma na fi yarda da sababbin ƙira irin Rocna da Spade, don suna nutsewa cikin yashi da wuri, kuma idan iska ta juya ba su cika tumɓukewa ba. Ka ƙara da anga ta biyu mara nauyi, irin Danforth, wadda mutum ɗaya zai iya ɗauka a ƙaramin kwale-kwale.

Sarƙa mai kaurin milimita 8 ko 10, tsawonta aƙalla mita 60. Ta milimita 10 tana da nauyin kusan kilo 2 da ɗan ɗori a kowace mita, kuma wannan nauyin yana cikin abin da ke riƙe jirgi. Igiya zalla ba ta da amfani a nan, murjani zai cinye ta cikin dare ɗaya. Idan sarƙarka gajeriya ce, ka haɗa mata igiyar nailan a ƙarshe, amma ka tabbata duk abin da zai taɓa ƙasa ƙarfe ne.

Igiyar nailan mai kaurin milimita 14, tsawon mita 8 zuwa 10, wadda za ta ɗauke wa sarƙa fizgar iska. Injin naɗe sarƙa, tare da sandarsa ta hannu don ranar da batir ya mutu. Na'urar auna zurfi; in babu, igiya mai alama da dalma a bakinta. Tabarau mai kashe ƙyallin ruwa, wanda masunta ke sawa. Kamfas na hannu, tocila mai ƙarfi, safar hannu mai kauri, gilashin ninƙaya, fitila fara mai haska ko'ina, da baƙar ƙwallon alama. Sai jarkoki biyu ko uku marasa komai, masu murfi mai kyau, kowace da guntuwar igiya.

Kafin ka bar tasha ka shimfiɗa sarƙar a ƙasa, ka yi mata alama da fenti ko tsumma mai launi a kowace mita 10. Ka duba maɗaurin da ya haɗa anga da sarƙa, ka ɗaure kusarsa da waya don kada ta warware. Ƙarshen sarƙa kuma a cikin akwatinta da igiya ake ɗaure shi, ba da ƙarfe ba, domin ranar da ta ɓaci ka sa wuƙa ka yanke ka tsira da jirgi.

1. Zaɓi masauƙi tun daren jiya, ka tashi da asuba

A wannan gaɓar iska daga arewa take busowa mafi yawan shekara. Da asuba takan yi sauƙi, rana na ɗagawa tana ƙara ƙarfi, zuwa la'asar sai ta kai yadda mai tafiya arewa ba ya ci gaba, sai dukan raƙuman ruwa. Don haka ana idar da sallar asuba ake ɗaga anga.

Ka ɗauka jirginka na yin mil 5 na teku a awa. Tafiyar awa 6 ke nan mil 30. Kada ka sa wa kanka zango fiye da haka. Ka zaɓi marsa biyu a taswira, ɗaya wadda kake nufi, ɗaya kuma mafi kusa wadda za ka faɗa idan iska ta tashi da wuri. Wurin da ka zaɓa ya kasance ƙasa ta tare maka arewa.

2. Shiga da rana a sama

Wannan matakin ya fi kowanne cin jirage, shi ya sa zan daɗe a kansa.

Taswirorin Bahar Maliya da yawa sun samo asali ne daga awon da sojan ruwan Ingila suka yi tun ƙarni na 19. Na'urar GPS tana faɗa maka daidai inda kake a duniya, amma taswirar da aka ɗora ta a kai tana iya kauce wa gaskiya da ɗaruruwan mitoci. Sai ka ga allon yana nuna kana tsakiyar mashiga, alhali dutse na gabanka. Hotunan tauraron ɗan'adam da ka sauke tun kana da intanet sun fi taswirar gaskiya. Ido ya fi su duka.

Ido kuwa sai da haske. Daga misalin ƙarfe 10 na safe zuwa 2 na rana murjani yana fitowa fili. Mashigar marsa yamma take fuskantar da kai, saboda haka da zarar la'asar ta yi rana tana cikin idonka, ruwan ya zama madubi, ba ka ganin komai a ƙasa. Idan ka makara, kada ka yi ƙoƙarin kutsawa. Gara ka koma tsakiyar teku ka kwana kana yawo, duk da gajiyar, da ka shiga a makance.

Tun kuna da mil ɗaya a waje ku kunna inji, ku sauke filafilai ku ɗaure. Mutum ɗaya ya sa tabarau ya hau wuri mafi tsayi da zai iya tsayawa lafiya, ko goshin jirgi ko 'yan matakai a jikin sandar filafilai. Ga abin da launin ruwa ke faɗa masa: shuɗi mai duhu zurfi ne, shuɗi mai haske da ya karkata zuwa kore yashi ne, zurfinsa ya ragu, fari-fari yashi ne da ruwan bai fi ƙugu ba, ruwan ƙasa ko rawaya-rawaya murjani ne dab da sama, a guje shi. Inuwar gajimare takan yi kama da dutse, amma ita tafiya take yi, dutse kuwa yana nan inda yake.

Ku yarda da alamun hannu tun kafin ku iso, domin ƙarar inji da iska ba za su bari a ji magana ba. Mai duba ya nuna inda yake so a bi, ba inda dutsen yake ba. Wannan ƙa'idar ku maimaita ta har ta zauna, don ruɗewa a kanta na sa matuƙi ya juya kai tsaye cikin abin da ake guje wa. Dunƙulen hannu yana nufin a cire giya. Gudun jirgi kada ya wuce na mai tafiya a ƙasa. Ka bar GPS yana zana layin da ka bi, zai yi maka amfani gobe da asuba, ko cikin dare idan fita ta zama dole.

3. Zagaya ka duba ƙasa

Kada ka jefa a wurin farko da ya burge ka. Yi kewaye ɗaya a hankali a kan duk filin da jirgin zai iya juyawa, idonka a kan na'urar zurfi. Abin nema shi ne fili mai yashi ko laka, zurfin mita 5 zuwa 10. Can ƙuryar marsa yawanci laka ce da ruwan kwari ya kawo, kuma tana riƙo sosai. Ciyawar ruwa tana hana anga shiga. Murjani kuma ba wurin anga ba ne ko kaɗan: ko dai ya ƙi riƙewa, ko ya riƙe ya ƙi saki, sannan ka farfasa abin da ya ɗauki shekaru aru-aru yana girma. Sanganeb da Dungonab, wurare biyu a tekun Sudan, sun shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2016 saboda wannan murjanin, kuma da shi masuntan gaɓar suke ci.

Idan ka tarar da wasu jirage, wanda ya riga ka shi ke da wuri. Ka jefa a bayansu, kada ka jefa a kan sarƙarsu.

4. Lissafa sarƙa

Anga ba nauyinta ke riƙe jirgi ba. Aikinta irin na garma ne: idan aka ja ta a kwance tana ƙara nutsewa, idan aka ja ta sama tana fitowa. Tsawon sarƙa shi ke sa jan ya zo a kwance.

Auna daga bakin jirgi, inda sarƙa ke fita, har ƙasan ruwa. Misali zurfi mita 8, tsayin goshin jirgi daga ruwa mita 1 da rabi, ka ƙara rabin mita na cikar teku, jimla mita 10. Na kwana ka ninka sau 5, wato mita 50. Idan ana sa ran iska mai ƙarfi, sau 7, ko duk abin da kake da shi. A ruwa mai zurfin mita 15 zuwa 20 sau 3 zuwa 4 yana wadatarwa, saboda nauyin sarƙar da ke rataye ya yi yawa. Ka tuna na'urar zurfi da yawa daga gindin jirgi suke aunawa, ba daga saman ruwa ba. Ka san taka.

A gaɓar Sudan cika da janyewar teku kaɗan ne, shi ya sa na sa rabin mita. A Gini Bisau bambancin yana wuce mita 4. A irin can dole ka duba jadawalin cikar teku, ka yi lissafin sarƙa da lokacin da ruwa ya cika, ka kuma tabbata jirgin ba zai zauna a ƙasa ba in ya janye.

Sarƙa mita 50 da jirgi mita 12 na nufin za ka iya juyawa cikin da'irar da ta kai kusan mita 60 ta kowane ɓangare daga angar. Duk cikin da'irar nan kada a sami dutse.

5. Sauke ta, kada ka watsa ta

Fuskanci iska, ka matsa a hankali zuwa filin yashin. Jirgi ya tsaya cak tukuna. Mai goshi, wato wanda ke tsaye a goshin jirgi, ya sauke anga har ta taɓa ƙasa, sannan yayin da iska ke tura jirgin baya, ya riƙa sakin sarƙa daidai da tafiyar. Idan babu iska, a ɗan taɓa ribas. Kuskuren sabon shiga shi ne sakin sarƙa duka a wuri ɗaya; sai ta taru a kan angar ta naɗe ta, ba za ta kama ba har abada.

Goshin jirgin zai kauce gefe yayin da yake ja da baya. Haka yake yi, kada ka damu. In an saki kamar sau 3 na zurfi, a riƙe sarƙar kaɗan. Za ka ga ta miƙe, goshin ya dawo ya fuskanci iska. Angar ta fara cizo ke nan. Sai a saki ragowar.

Mai wannan aiki ya sa takalmi da safar hannu, kuma yatsunsa su yi nesa da inda sarƙa ke shiga injin naɗi. Yara su koma baya su zauna.

6. Gwada ta da inji

Kada ka kashe inji ka tafi dafa shayi. Ɗaure sarƙar a turken goshi, ko ka sa igiyar nailan, don kada jan ya faɗa kan injin naɗi. Sa ribas a ƙaramin wuta na rabin minti, sannan ka ƙara a hankali har kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfin injin, ka riƙe shi minti ɗaya ko biyu.

Yayin nan ka nemi abu biyu a gefenka da suka yi layi, ɗaya kusa ɗaya nesa, misali wani kurmin ƙaya a bakin ruwa da ƙoƙon dutse a bayansa. Idan sun tsaya a layi ɗaya, kana nan. Idan suna rabuwa, kana tafiya. Mai goshi kuma ya ɗora tafin hannu a kan sarƙa a waje da bakin jirgi: wadda ta kama tana miƙe shiru, wadda ke jan ƙasa tana karkarwa da gurnani, har cikin ƙashin hannu za ka ji.

Idan ta ja, ƙara sarƙa mita 10 ka sake gwadawa. Idan ta sake ja, ɗaga ta gaba ɗaya. Sau da yawa za ka tarar da guntun mataccen murjani ko dunƙulen ciyawa a bakinta. Cire, ka sauya wuri. Ba abin kunya ba ne a jefa sau uku, kuma na fi girmama matuƙin da ya yi haka a gaban jama'a fiye da wanda ya jefa sau ɗaya ya shige ciki.

Ruwan nan garau yake da ɗumi, don haka in da hali ka sa gilashi ka yi iyo a kan angar ka gan ta da idonka. Wadda ta kama da kyau ba ka ganin komai nata sai ɗan ƙarfen baya, da gajeren layi a yashi inda ta ja kafin ta nutse.

Ranar da inji ya ƙi tashi, ana iya yin gwajin da filafilai: a ɗaga babban, a tura sandarsa gaba da hannu har iska ta cika shi ta baya, jirgin ya ja da baya ya danne angar.

7. Igiyar nailan da jarkoki

Sarƙa ba ta miƙewa. Idan iska ta ƙaru ta ɗaga ta ta yi tsaye, kowace fizga tana tafiya kai tsaye zuwa anga da injin naɗi. Ƙarfin iska a kan jirgi kuwa ninki yake yi: idan gudunta ya ninka biyu, turinta ya ninka huɗu. Ɗaura igiyar nailan a jikin sarƙa da ƙugiya ko ƙulli mai riƙo, ɗaya bakin a turken goshi, ka saki sarƙa har nauyin ya koma kan igiyar, sarƙar ta yi lanƙwasa a ƙasanta. Inda igiyar ke gogar ƙarfe ka sa mata guntun tiyo ko tsumma.

Idan akwai ɗaiɗaikun duwatsun murjani kewaye da filin yashin, ɗaura jarkokin nan a jikin sarƙa yayin da kake sakinta. Ta farko bayan ka saki kamar ninki biyu na zurfi, sauran kuma duk bayan mita 8 zuwa 10. Za su ɗaga sarƙar ta wuce saman duwatsun, ba za ta naɗe su ba in jirgi ya juya.

8. Shirin dare

Dokar kauce wa karo a teku ta 1972 ta ce jirgin da ke kan anga ya rataya baƙar ƙwallo a gaba da rana, da dare kuma ya kunna farar fitila da ake gani ta ko'ina. Masunta suna shigowa marsa cikin duhu, galibi ba fitila, don haka na fi son a rataya wata a ƙasa-ƙasa inda idonsu zai kai, ban da ta ƙolin sanda.

Kafin magariba ɗauki kamfas ka rubuta kusurwar abu biyu da za a iya gane su cikin dare, da kusurwar mashiga. Kunna ƙararrawar GPS, ka sa cibiyarta inda angar take, faɗinta ya ɗan zarce da'irarka. Makullin inji ya kwana a jikinsa, tocila a wurin da kowa ya sani, bene a share babu igiyar da za ta harɗe ƙafa. Rediyon jirgi a tasha ta 16, wadda ake kiran gaggawa a kanta. Alƙibla daga wannan gaɓar wajen Sawakin arewa maso gabas take, amma jirgi na juyawa, sai a duba kamfas kafin kowace sallah.

Idan ƙararrawa ta yi kuka, fara da kunna inji, sannan ka duba alamunka. In da fili a baya, ƙara sarƙa. In babu, sa giyar gaba kaɗan don rage wa angar nauyi, ko ka kai ta biyu da kwale-kwale ka jefa ta gefe, su yi kamar baki buɗe a gaban jirgi. Daren da iska ta yi tsanani a raba tsaro, awa biyu-biyu.

9. Ɗagawa

Kunna inji tukuna, don injin naɗi yana shan batir sosai. Cire igiyar nailan. Mai goshi ya nuna da hannu inda sarƙa ta nufa, matuƙi ya bi a hankali, ana naɗe abin da ya saki. Injin jirgi ne ke kai jirgin wurin anga. Injin naɗi sarƙa kawai yake ɗauka, in ka sa shi jan jirgi zai ƙone. Wani ya riƙa baje sarƙar a akwatinta don kada ta yi tsibi ta toshe.

Sarƙa ta tsaya tsaye, ka ɗaure ta a turke, ka ɗan matsa gaba, angar za ta ɓalle. Idan ta ƙi, to sarƙa ta naɗe dutse. Kada ka yi ta da ƙarfi. Mutum ya leƙa da gilashi ya ga ta wane gefe ta bi, a saki kaɗan, a zagaya da jirgi ta hanyar da za ta warware. In abin ya gagara kuma dole a tafi, ɗaura jarka a ƙarshen sarƙar, rubuta wurin a GPS, yanke igiyar ƙarshe, ka dawo da mai nutso.

Anga ta hau, a wanke lakar da bokiti, a ɗaure ta da igiya a mazauninta kafin a kai bakin marsa, don raƙuman ruwan waje suna iya fizge ta. Da asuba rana tana gabas, wato tana cikin idon mai fita, saboda haka ka bi layin da GPS ya zana jiya sau da ƙafa, a hankali, mai duba yana goshi har sai ruwan ya koma shuɗi mai duhu. Daga nan a ɗaga filafilai.